Yadda nake hasashen yayin wandon jins kafin ya iso Kano

Mai sayar da wandon jins a Kano ba shi da zaɓi, dole ya yi hasashe. Daga ranar da ka tura kuɗi birnin Guangzhou na ƙasar Sin zuwa ranar da tirela za ta sauke maka kaya, wata biyu ne zuwa uku idan komai ya tafi daidai: a ɗinka, a yi lodi, jirgin ruwa ya taso, a fitar da kwantena daga tashar Apapa ko Tin Can a Legas, sannan a kamo hanyar Arewa. A tsakanin nan yaron da ka saro wa kayan yana iya sauya ra'ayi. Idan ya sauya, wandon ya zama kwantai, jarinka kuma ya kwanta tare da shi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, babu mai ƙaramin shago da zai iya ɗaukar kwantai irin na da.

Akwai kuma wata matsala ta kalanda. Cinikinmu mafi girma na ƙaramar Sallah ne, ita kuwa kowace shekara tana matsowa baya da kwana goma zuwa sha ɗaya. A 2024 ta faɗo cikin Afrilu, a 2025 ƙarshen Maris. Masana'antun Sin kuwa suna rufewa na makonni saboda bikin sabuwar shekararsu, wanda yake zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. A garin Xintang, kusa da Guangzhou, inda ake ɗinka jins mai ɗimbin yawa, ma'aikata gida suke tafiya, kekunan ɗinki su yi shiru. Wanda yake son kayan Sallah a 'yan shekarun nan sai ya yanke shawara tun damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba. Wato a watan Oktoba ko Nuwamba nake zama in tambayi kaina abin da matashi zai so sa wa a ranar hawan Daushe.

Kowa ya san amsa mai sauƙi: ka duba waya. Ina dubawa, kuma tana da amfani. Kusan shekara goma sha biyar matsattsen wando, wanda muke kira fensir, yana mulkin duniya. Sai zaman kullen korona na 2020 ya sa mutane suka saba da kaya masu sakewa, a farkon 2021 kuma matasan Amurka da Ingila suka cika TikTok da cewa fensir ya zama na iyaye. Daga nan manyan kamfanoni suka juya ga mai faɗin ƙafa. Duk wanda yake da intanet ya ga wannan a lokacin. Abin da waya ba za ta gaya maka ba shi ne yaushe zai iso layinku, da wace siffa, kuma wane ɓangarensa mutanenmu za su karɓa, wane za su mayar. Fensir ya ci gaba da tafiya a hannuna tsawon lokaci bayan an gama yi masa jana'iza a can.

Wurin da na fi samun labari na gaskiya shi ne gaban keken wani dattijon tela da yake gyaran kaya a bayan layinmu. Ba ya ɗinka sabo, aikinsa ragewa da ƙarawa, da sauya zif. Matashi ba ya fara sabon yayi da sayen sabon wando, don ba shi da kuɗin gwaji. Wanda yake da shi yake kawowa a gyara masa. Shekaru da dama aikin Baba ɗaya ne: a kawo masa wando, ya juya shi ciki waje, ya ja alli daga gwiwa zuwa bakin ƙafa, ya tsuke, ya datse rarar. Ƙarƙashin kekensa cike yake da dogayen ƙyallayen shuɗin yadi, har masu cusa matashi suna zuwa kwasa.

Wata rana na kai masa wandon da zif ɗinsa ya lalace, sai na ga ƙasan keken fes. Na ce, "Baba, yau an yi shara da wuri ne?"

Ya ce, "Wace shara, ɗana? Yaran ne suka daina tsukewa. Yanzu babban wando suke kawowa, na ƙato, su ce in rage musu ƙugu kawai in bar ƙafar yadda take. Jiya ma wani cewa ya yi in farke gefen nasa in ƙara masa ƙyalle."

Na tsaya na duba abin da yake hannunsa. Wando ne na gwanjo mai lamba 38, yaron da ya kawo shi kuwa ƙugunsa bai wuce 30 ba. Baba ya cire madaurin bel na baya, ya kama tsakiyar ƙugun ya ninke, ya bar cinya da ƙafa a sake. A lokacin babu shago ɗaya a layinmu da yake da mai faɗin ƙafa sabo. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a sana'ata Larabar tana ƙarƙashin keken tela. Tun daga ranar, duk mako sai na leƙa wajensa, kuma tambayata ɗaya ce: me ake cewa ka yi?

Wuri na biyu Kofar Wambai ne, da sassafe lokacin da ake fasa dila. Gwanjo yana ba ni labari ta fuska biyu. Abin da ya cika dila shi ne abin da mutanen Turai da Amurka suka gaji da shi suka fitar daga ɗakunansu, don haka idan na ga fensir mai roba ya yi yawa a dila bayan dila, kuma da yawansu ba su ko koɗe ba, na san can an bar shi. Fuska ta biyu ta fi muhimmanci: me aka fara wawashewa? Akwai samarin da suke zuwa zaɓen farko su kai makarantu su sayar wa ɗalibai, idonsu ya fi na kowa kaifi a garin nan. Ba na tambayarsu komai, hannunsu nake kallo. Da na ga suna tsallake fensir mai kyau suna rige-rigen tsohon wando mai kauri, miƙaƙƙe, irin wanda a da sai leburori da masu gini suke tayawa, na san maganar Baba ba ta layinmu kaɗai ba ce.

Sai takalmi. Wando ba ya sauyawa shi kaɗai. Kambas mai kaurin ƙasa yana neman ƙafar wando mai faɗi da za ta sauko ta zauna a kansa, silifas na fata irin na zuwa ɗaurin aure kuwa yana son bakin ƙafa madaidaici. Shi ya sa nakan zauna da masu takalma a Sabon Gari mu yi hira. Abin da ya fara ƙarewa a wajensu yana nuna mini inci nawa zan ce a yi mini bakin ƙafa.

Amma duk waɗannan suna gaya mini abin da yake tafe ne kawai. Abin da zai zauna, jikin mutum da rayuwarsa ne suke yanke hukunci, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. Mai sayen wandona yana alwala sau biyar a rana, dole ƙafar wando ta naɗu zuwa ƙauri ba tare da kokawa ba. Yana ruku'u, yana sujada, yana zaman tahiya. Wando mai gajeren ƙugu, wanda ya dawo a ƙasashen waje tare da sha'awar kayan farkon shekarun 2000, da mutum ya sunkuya sai bayansa ya fito, ga sahu a bayansa. Ban saro shi ba, kuma har yau ba a tambayata shi sai jefi-jefi. Mai faɗin da yake jan ƙasa, kamar yadda ake sa shi a hotuna, shi ma bai zauna yadda ya zo ba: titinmu akwai ƙura, akwai kwata, da damina akwai caɓi, mutum kuma ba zai shiga masallaci yana shakkar tsarkin bakin wandonsa ba. Mai babur yana tsoron kaca ta kama masa. Don haka aka karɓi faɗin, aka ƙi tsawon. Da zan ba da oda sai na ce a rage tsawon da inci biyu daga abin da suke yi wa kasuwar Turai, kuma wannan ragin ya fi kowace dabara kawo mini ciniki, saboda yaro yana gwadawa ya biya ya tafi, ba sai ya biya ta wajen tela ba.

Yagaggen jins kuwa, wanda ake yage gwiwarsa da gangan, ya yi ta zuwa yana komawa. Yaro yana so, amma ba shi kaɗai yake zuwa kasuwa ba. Wata baiwar Allah ta zo da ɗanta yin sayayyar Sallah, ya ɗauki ɗaya mai ɗan karce a cinya, ba ma yagewa sosai ba. Ta karɓa ta zura yatsa a wurin, ta ce, "Malam, da kuɗina zan saya masa tsumma? Babansa ma ba zai bar shi ya fita da wannan ba." Na ce, "Gaskiyarki, Hajiya," na ɗauko mata baƙi mai santsi. Makarantu da yawa ma sun hana shiga da shi. Duk lissafin da bai sa uwa da uba da mai gadin ƙofar makaranta a ciki ba, bai cika ba.

Na mata daban ne, kuma ina ganin 'yan kasuwa da yawa ba su ba shi haƙƙinsa. Yawancin masu saye a wajena a ƙarƙashin abaya ko dogon hijabi suke sawa. Abin da ido yake gani tafin hannu ɗaya ne na bakin ƙafa. Saboda haka ado a aljihun baya ko a cinya asarar kuɗi ne, abin da suke dubawa shi ne ƙugu mai tsawo da ba ya matsa ciki, da yadda bakin ƙafa yake faɗowa kan takalmi. A watan Fabrairun 2025 mawaƙin nan na Amurka, Kendrick Lamar, ya fito a Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, da jins na kamfanin Celine mai buɗaɗɗen baki daga gwiwa, duniya ta yi ta magana. Samarinmu kaɗan ne suka bi shi. 'Yan mata ne suka fi tambayar mai ɗan buɗewar baki, don shi ne yake nuna kansa a ƙarƙashin abaya.

Yadin kansa yana da nasa hukuncin. Jins na asali zaren tsaye ne ake rinawa da shuni, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Shuni kuma ba ya ratsa zare har zuciya, a bayansa yake zama, yana tafiya a hankali da wanki da gogayya. Marinan Kofar Mata sun san wannan halin nasa tun kakanni, ko da yake na masana'anta yanzu haɗin sinadari ne. A wajenmu wanki da hannu ne, da burushi, a shanya a rana tsaka. Wandon da aka riga aka koɗar da shi a masana'anta ba ya daɗewa yake zama kamar tsohon buhu, mai duhu kuwa yana koɗewa da kyau. Fensir yana buƙatar roba a cikin zarensa, kashi ɗaya zuwa uku cikin ɗari, roba kuma ba ta shiri da zafin rana da dutsen guga: gwiwa ta yi jaka, wandon ya mutu. Wannan kaɗai ya sa na tabbata mai sakewa zai daɗe a nan idan ya shigo, don auduga zalla ta fi jure mana. Sai dai nauyi. Jins na gargajiya yana kai oza 12 zuwa 14 a kowane yadi murabba'i, wanda a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni yake taɓa 40, azaba ne. Ina neman mai oza 10 zuwa 11 na bazara, in ajiye mai kauri sai hunturu. Mai faɗi kuma ya fi cin yadi, don haka ya fi tsada tun daga masana'anta, dole in san ko aljihun ɗalibi zai ɗauki ƙarin.

Duk da haka ba na zuba jarina gaba ɗaya a kan abin da na hango. Mafi yawan kuɗin yana tafiya ga miƙaƙƙen wando, wanda ba fensir ba, ba burgujeje ba. Tun da Levi Strauss da tela Jacob Davis suka yi rajistar wando mai ƙusoshin ƙarfe a bakin aljihu a ranar 20 ga Mayun 1873, wannan siffar ba ta taɓa fita daga kasuwa ba, samfurin 501 na kamfanin Levi's har gobe ana ɗinka shi. Sabon yayi kuwa kaɗan nake fara kawowa, ta jirgin sama ko daga dilolin Legas, ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba. In rataye shi a bakin shago in lura da waɗanda suke tsayawa. Idan 'yan gayu ne kaɗai, ina jira. Ranar da na ga ma'aikacin banki ko malamin makaranta ya taɓa shi ya tambayi lambarsa, ranar nake tura odar jirgin ruwa.

Abin da nake hangowa yanzu, kuma ra'ayina ne, shi ne faɗin ya kai iyakarsa a wajenmu, zai fara dawowa tsakiya a hankali. Mai kumburin gwiwa da tsukakken baki, wanda aka yi ta yayatawa a waje cikin 2023 da 2024, ba na jin zai samu gindin zama, don a jikin siririn yaro kamar wandon aro yake. Shuɗi mai duhu da baƙi za su ci gaba da tafiya. Fensir ba zai ɓace ba, masu shekara talatin zuwa sama sun saba da shi, zan riƙa ajiye musu kaɗan. Baba ya gaya mini a kwanakin nan an fara kawo masa manyan wanduna ana cewa ya ɗan rage faɗin daga gwiwa, ba tsukewa ba, inci ɗaya kawai ta kowane gefe. Odar da zan tura kafin masana'antu su rufe, bakin ƙafarta inci takwas ne maimakon goma.