Fatar Madunka a cikin waya

Duk saurayin da ya ga ina ɗaure kwali zan kai tasha, tambayarsa ɗaya ce: mabiya nawa gare ka a Facebook? Nakan ce masa ya bar batun mabiya, ya tambaye ni mutum nawa suka ajiye lambata a wayarsu. Can cinikin yake.

Gidanmu gidan dukawa ne a Madunka, cikin garin Sakkwato. Baffana da yaransa ke ɗinki: jaka, takalma, alabe, gafakar Alƙur'ani, da tumtum na ɗakin amarya. Rabona a sana'ar shi ne sayarwa, kuma yau mafi yawan kayanmu ta waya suke fita. Shi ya sa nake son in faɗi yadda abin yake a hannu, don raina yana ɓaci idan na ji ana ce wa yara su buɗe shafi kawai, kuɗi za su zo.

Facebook da TikTok da Instagram wurin a gan ka ne. Mutum yana cikin latse-latsensa ya ci karo da bidiyonka, ya tsaya, ya yaba, ya wuce. Wanda ya zo da niyyar saye, ƙarshenta sai ya ce a ba shi lamba, magana ta koma WhatsApp. A can ake tayi, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Mutane da yawa ba su lura da wannan ba, suna ta ɗora hotuna 'yan gidansu kaɗai ke kallo. Ni duk wanda ya sayi ko alabe ɗaya ne, kafin mu rabu sai na ce, "Hajiya, don Allah a ajiye lambar nan," ko "Alhaji, a rubuta mai fata na Sakkwato." WhatsApp Business da aka fito da shi a 2018 ya sauƙaƙa sauran aikin: akwai wurin jera kaya da farashinsu, akwai alamar da nake sa wa wanda ya biya da wanda ake bi.

Hoto ma ilimi ne. Jan da karan dafi ke ba fata, idan ka ɗauke shi da dare a ƙarƙashin kwan lantarki sai ya koma wani launi daban, kaya su isa Abuja mai su ta ce ba wannan ta gani ba. Da hantsi nake ɗauka, a inuwar zaure, kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Nakan juya jakar in nuna cikinta, in matso da waya kan ɗinkin har a ga sawun basilla. Idan akwai tabo a fatar, shi nake fara nunawa. Wanda ya saya da saninsa ba ya dawo maka da rigima.

Abin da ya fi jawo mana mutane bidiyon hannun Baffa ne yana aiki, kuma da ƙyar ya yarda. Ranar da na fara ɗaga waya sai ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, mi za a yi da hoton hannun tsoho? Wanga aiki da munka gada ba mu taɓa yi mai shela ba." Na ce, "Baffa, ba fuskarka zan ɗauka ba, aikin kawai." Ya yi shiru ya ci gaba da yanka, wuƙar tana bin fata ba tare da ya zana layi ba. Masu kallo wannan suka gani. Tambayoyin da suka biyo baya ba na farashi ba ne kaɗai: da me ake jima, me ya sa fatar take da laushi haka, shin akuya ce ko tunkiya. Sai na shiga bayanin bagaruwa da majema, da jar akuyar ƙasar nan.

Wannan bayanin yana da muhimmanci a wurina saboda tarihinsa. Shekaru aru-aru fatar jar akuyarmu tana ƙetare Sahara a bayan raƙuma zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka san ta da sunan fatar Maroko. Aikin na kakanninmu, sunan na wasu. Waya ta ba mu damar kaya su tafi tare da sunan garin da aka yi su. Amma ita ma tana da nata ɓarayin. Na sha ganin hotunan da na ɗauka a zaurenmu a shafin wani, yana sayar da jakar roba da su. Yanzu ba na sakin hoto sai da sunan shagonmu a jikinsa, kuma kowace jaka akwai hatimi a cikinta.

Riba ta biyu, wadda ba a cika maganarta ba, ita ce sanin mutane. Muna da guruf na dukawa da majema da direbobi, daga nan har Kano da Zariya, har Birnin Ƙonni da Maraɗi. A ciki na samu mai kawo mana zif da maɓallai a farashin sari, a ciki nake jin wace mota za ta tashi da asuba. Kusan duk da saƙon murya ake magana, kuma wannan ne ya shigo da dattawa. Baffa ajami yake karantawa, boko bai dame shi ba, amma yanzu yakan karɓi wayata ya danna ya yi wa majemi bayanin kaurin fatar da yake so da bakinsa, da gaisuwa da tambayar iyali, yadda aka saba. Lokacin da aka rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kaya sun tsaya, zumuncin bai tsaya ba. Muna jin halin da kowa yake ciki.

Ɗabi'ar ɓoye farashi, a ce sai ka biyo ta bayan fage, ba na goyon bayanta. Sa kuɗinka a fili. Mai son tayi zai taya.

Batun kuɗi kuwa ba kunya a ciki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya koya wa har tsofaffi karɓar tiransfa, ya kuma buɗe wa mayaudara ƙofa. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirarsa. Sai na buɗe asusuna na ga kuɗin sun zauna kafin kaya su bar gida. Aikin da za a ɗinka musamman, da kafin alƙalami ake fara shi. Ni ma ina sauke nawa nauyin: in na kai tasha nakan ɗauki hoton kwalin da lambar motar, in tura wa mai kaya tare da lambar direba.

Shafinka rumfar haya ce, mai ita yana iya rufewa ba tare da ya shawarce ka ba. Mu a jihar nan mun ɗanɗana. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 saboda matsalar 'yan bindiga, masu kawo mana fata daga ƙauyuka suka yi ɗif. Ranar 4 ga Oktoba na shekarar Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Masu talla a Twitter kuwa sun zauna daga Yunin 2021 har Janairun 2022, lokacin da gwamnati ta dakatar da shi. Saboda haka ina da littafi mai bango mai kauri, duk abokin cinikin kirki sunansa da lambarsa da garinsa suna ciki da biro.

Wadda ta fi ni cin moriyar abin nan yayata ce. Tana gidan aurenta a Mabera tana haɗa turaren wuta da humra. Da can 'yarta ke ɗaukar tire tana bin gidajen biki. Yanzu da safe za ta jera kwalabe a kan darduma ta ɗauka ta sa a sitatus, mata su zaɓa, ɗan kabu-kabu ya kai, yarinyar kuma tana aji. Kukanta ɗaya ne, tsadar data, musamman tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Na nuna mata yadda za ta hana bidiyon guruf sauka da kansa, ta kuma rage dogon bidiyo ta koma hoto da saƙon murya. Matan layinsu sun ce in zo in nuna musu su ma, mun tsayar da Asabar bayan La'asar, a zauren gidan, da izinin maigidanta.