A ƙwallon kwando birki ya fi gudu

Duk sanda aka fara musun wane ɗan wasa ne ya fi jiki mai kyau a ƙwallon kwando, sai ka ji an tafi kan abu biyu kawai, wa ya fi tsalle, wa ya fi gudu. Gajerun bidiyon da ke yawo a TikTok da YouTube su suka ƙara lalata lamarin, mutum ya tashi sama ya danƙara ƙwallo cikin kwando, jama'a na ihu, shikenan an yanke hukunci. Abin nan yana damuna gaskiya, don duk mai zama ya kalli wasa tun daga farko har a tashi ya san ba a nan gizo ke saƙar ba.

Filin nan fa tsawonsa mita 28 ne kacal, faɗinsa 15, mutum goma a ciki kuma kusan dukkansu dogaye ne masu dogayen hannuwa. To ina za ka samu wurin sakin gudu? Taku uku huɗu ka yi karo da wani. Abin da ke raba ɗan wasa da mai tsaronsa shi ne iya tsayawa cak lokacin da ɗayan bai shirya tsayawa ba.

Ka kalli Luka Doncic, ɗan wasa a NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da kyau wata rana, ka ƙyale ƙwallon, ƙafarsa za ka kalla. Zai nufi kwando, mai tsaronsa na biye da shi kafaɗa da kafaɗa, sai kawai ya dasa ƙafa ɗaya a ƙasa, ƙugu ya sauka, jikinsa duka ya tsaya wuri guda kamar an taka birkin mota, shi kuma wancan nauyin jikinsa ya kwashe shi ya wuce da taku ɗaya, kuma takun nan ɗaya ya ishi Luka ya jefa ƙwallo ba mai damunsa. Mutane na cewa wai ba shi da sauri. Wallahi ƙarfin da cinya da gwiwa da idon sawu ke buƙata su riƙe mutum mai wannan nauyin ya tsaya nan take bai tangaɗa ba, ba ƙaramin ƙarfi ba ne. James Harden ma da wannan ya daɗe yana wahalar da mutane.

Sai maganar ƙafa. Hakeem Olajuwon a Legas ya taso, gola yake yi a ƙwallon ƙafa kafin ya san kwando, kuma shi da kansa yana danganta iya takunsa da wannan. Ya juya hagu, ya yi kamar zai tashi, mai tsaro ya tashi sama a banza, shi ko yana ƙasa ya riga ya juya dama. Da haka ya ɗaukar wa ƙungiyar Houston Rockets kofin NBA a 1994 da 1995.

Nikola Jokic kuwa shi ne ya fi ba masu musun nan haushi. Na 41 aka zaɓe shi a zaɓen sabbin 'yan wasa da ƙungiyoyin NBA suka yi a 2014, da kyar yake barin ƙasa in ya yi tsalle, amma ya zama gwarzon NBA a 2021 da 2022 da 2024, ya ci kofi da Denver a 2023. Wasu sai su ce ai ƙwaƙwalwa ce, ba jiki ba. Ban yarda ba. Ƙwallo ta zo masa da ƙarfi, ya taɓa ta da yatsu sau ɗaya ta canja hanya ta faɗa hannun abokin wasansa da ke bayansa, ido da hannu ne suka yi wannan aikin, kuma su ma jiki ne. Ga ƙato na tura shi ta baya ko gezau.

Gwaje-gwajen da ake wa matasa kafin a zaɓe su ma ba sa kama wannan sosai. A 2007 Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin fam 185 ko sau ɗaya, aka yi ta surutu a kai, ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi na biyu duk da haka, kuma kowa ya ga irin shahararren ɗan wasan da ya zama daga baya.

Akwai kuma numfashi, wanda bidiyon sakan goma ba zai taɓa nuna maka ba. Minti 48 ake bugawa a NBA, a zango huɗu, wasa 82 a kaka ɗaya. Stephen Curry in ba ya riƙe da ƙwallo ba ya tsayawa, ya zaga ta bayan wannan, ya ɓullo ta gefen wancan, ya koma, mai tsaronsa na haki tun zango na uku, shi kuma a zango na huɗu ya karɓi fasin ya saita ƙafafunsa ya jefa daga nesa hannunsa bai rawa.