Azumin da ba sahur

Lokacin da na fara aikin jinya a Legas, ban san rabin aikina tafinta zai zama ba. Ni a ɗakin tiyata aka ajiye ni, amma da an kawo Bahaushe daga Agege ko Idi-Araba sai a aiko a kira ni, yau sashen gaggawa, gobe ɗakin haihuwa. Na ɗauka abin mai sauƙi ne, tunda harshen uwata ne.

Wani dattijo ɗan dako daga kasuwar Mile 12 ne ya nuna mini kuskurena. Kaba ce ta dame shi, irin wadda ɗaukar kaya masu nauyi ke ƙara turo ta, aka sa masa ranar aiki. Da yamma na ce masa kada ya ci komai daga sha biyun dare. Da safe mai ba da allurar barci ya ce in sake tambayarsa.

"Baba, ka ci wani abu?"

"Wallahi 'yata ban ci komai ba. Kunu kawai na ɗan sha bayan asuba."

Aka ɗage aikin, aka ba wani gurbinsa. Na ji haushi, sai daga baya na gane laifina ne. A Hausa ci daban, sha daban, ni kuwa ci na hana shi. A wajen likita kunu abinci ne. Idan allurar barci ta kama mutum, ba ya iya tari ko haɗiya, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya gangara huhu. Shi ya sa ake son a yi aƙalla awa 6 ba abinci, ruwa zalla kuma a dakatar da shi awa 2 kafin a shiga.

Tun daga ranar na koma cewa azumi. Kowa ya san iyakarsa, ba sai na lissafa koko da shayi da fura ba. Shi ma sai da wani saurayi ya tambaye ni ƙarfe nawa zai yi sahur, dole na ƙara da cewa wannan azumin ba shi da sahur, sai dai maganin da likita ya ce a haɗiya da makurwar ruwa.

Haka kalmar "aiki". Maigida na jin za a yi wa matarsa aiki a ciro jariri sai hannunsa ya kasa riƙe biro. In ka zauna ka gaya masa galibi allura ake yi a gadon baya, tana farke za ta ji kukan ɗanta, yakan sa hannu.

Baba ya dawo mako na gaba, aka gyara kabar lafiya. Yana farfaɗowa ya lalubo ni da ido, ya ce, "'Yata, an sha ruwa ne?"