Laraba: kilo 140 da safe, kaye da yamma

Hunturu ya sauka a Maraɗi. Da na isa kangon da muke ɗaga ƙarfe bayan sallar asuba, sai da na hura hannuna kafin in iya kama sandar don sanyi.

Yau ranar dedlif ce, cicciɓar ƙarfe daga ƙasa har mutum ya miƙe tsaye. Kayanmu na gida ne, siminti da muka zuba a bokitin fenti, muka kai sikelin mai sayen wake aka auna. Faifan da ake gasa da shi faɗinsa santimita 45 ne, namu bai kai ba, shi ya sa sandar take kwantawa ƙasa sosai, mutum ya yi ta ƙusumbi kafin ya kamo ta. Wata biyu na yi ina fama da ciwon baya kafin in gane. Yanzu bulo nake sakawa a ƙarƙashin kowane gefe.

Na shafa toka a tafi, na tsayar da sandar bisa tsakiyar ƙafata har ta kusa taɓa ƙwauri, na cika ciki da iska na riƙe. Abin da ya daɗe bai shiga kaina ba shi ne hannu ƙugiya ce kawai. Ƙasa ake turawa da ƙafa, kwankwaso ya shigo gaba. Kilo 140, sau biyar, zagaye uku. A na ƙarshe kantar hannun hagu ta ɓare, idona ya ɗan yi duhu. Wani yaro ya matso da waya yana nuna mini Eddie Hall na Ingila da ya ɗaga kilo 500 a 2016, jini na zuba a hancinsa. Na ce masa wancan takobinsa ke nan, ni nawa takobin, wanda ake ba zakaran kokowa, a cikin rairayin fili yake.

Baba, tsohon ɗan kokowar da ke duba mu, yana kan benci da shayinsa.

"Ɗana, ƙarfen nan ya taɓa sa maka ƙafa?"

"A'a, Baba."

"To shi ya sa kake son sa."

Shi a wurinsa, mutanen zamanin Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, buhun gero da gugar rijiya ne suka gina su. Ban yi musu ba. Ai ɗaukar buhu mai kilo 100 daga ƙasa ma dedlif ne, suna ne kawai babu.

Bayan la'asar muka shiga fili. Karona na farko da wani ƙato ne da ya fi ni nauyi, wanda bara ko girgiza shi ba na iya yi. Muna sarƙewa na samu ƙugunsa, na sunkuya, ƙirji a sama kamar yadda na yi da safe, sai ga ƙafafunsa suna lilo. Wallahi ni kaina na yi mamaki. Na ajiye shi a hankali saboda abokina ne.

Na biyu kuwa wani siririn yaro, cinyata ɗaya ta kusa yin ƙugunsa. Ya ƙi bari in kama shi, sai zagaye yake, ya ja ya saki. Ina kai hannu ya ja ni gaba, ya harɗe mini ƙafar dama. Na ga abin yana zuwa, na so in janye, cinyar ta ce ta gama aikinta tun safe. Rairayi har cikin kunne. Baba bai ce komai ba, dariya kawai ya yi har da tari.

Na mayar da dedlif ranar Lahadi, tunda Litinin ba ma shiga fili. Inna ta dafa mini ruwan zafi, ta ga tafin hannuna ta tambaya ko dako na koma. Na ci tuwo malmala uku. Gobe zan nemi yaron nan tun kafin ya ɗaura layunsa.