Ranar da Na Je Zariya Duba Makarantar Tuƙin Jirgi

Da asuba muka tashi daga tashar Unguwa Uku, ni da Kawu, a tsakiyar Janairu, sanyi na ratsa ƙashi. Wata uku ke nan ana ja-in-ja a gidanmu kan inda zan koyi tuƙin jirgin sama. Yayana ya kafe sai Afirka ta Kudu, inda abokinsa ya yi nasa a Port Alfred. Shi kuwa Kawu, da yake gonarsa za a sayar a cika kuɗin, ya ce ba ya sakin ko sisi sai ya ga makarantar Zariya da idonsa.

Tun daga Kwanar Dangora hazo ya lulluɓe hanya, direba na ta lallaɓawa da fitila a kunne. Mun sauka Kwangila da hantsi, muka hau Keke Napep zuwa Palladan, unguwar da kwalejin koyon tuƙin jirgin take.

Kwalejin tana nan tun 1964, kuma a nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Nijeriya da ta tuƙa jirgin haya, ta koyi aikin, daga baya ta dawo ta shugabanci wurin. Abin da ya tsayar da ni shi ne ƙananan jiragen koyo ƙirar Diamond jere a fili, farare tas, ko ɗaya bai tashi ba. Wani malami mai furfura ya ga na yi tsaye, ya ce ɗalibin farko da ido yake tuƙi, yana duban ƙasa da bakin sama, don haka ranar da hazo ya yi kauri sai a koma aji.

Gabana ya faɗi. Lasisin farko kaɗai sai ka cika aƙalla awa 40 a sama, na jirgin haya kuma ya ninka haka sau da yawa. Duk ranar da aka zauna, lokaci da kuɗin Kawu ne ke tafiya. Malamin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce kowace makaranta zan je, in tambayi jirage nawa ke tashi da malamai nawa ke akwai, kuma kada in biya kobo sai likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, ta amince da shi ya duba idona da kunnena da zuciyata. Wanda ya yo lasisi a waje ma, sai ya zauna jarrabawar hukumar kafin a mayar masa da shi na gida.

A hanyar komawa Kawu ya yi shiru har Tashar Yari, sannan ya ce, "Ɗana, in ka gama, a wane sarari za ka yi aiki?"

Na leƙa taga. Rana ta yi ja kamar garwashi cikin ƙura. Kano, Sakkwato, Maiduguri, duk wannan hazon ne zai tarbe ni kowace hunturu, kuma na fi son in saba da shi tun malami na zaune a gefena.

"A nan, Kawu," na ce. Washegari na nemi ranar ganin likita.