Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Ni Da Tukunyar Gidanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya a inda na fito daga ɗakin likita riƙe da takarda, hawan jinina ya kai 150 bisa 95, sugan da aka auna min da safe kafin in karya kuma ya tsaya a 112. Likita ya ce ba za a kira shi ciwon suga ba sai ya kai 126, amma in sani ina bakin ƙofa. Sikeli ya nuna kilo 94, ga ni ba wani tsayi ba, mita ɗaya da santimita 60. Da ya yi lissafinsa na nauyi da tsayi sai ya samu kusan 37, alhali daga 30 ake cewa ƙiba ta zama matsalar lafiya. Yau zan faɗa muku abin da ya biyo baya a gida.

Wanda ya san ni yanzu ba zai yarda ba, amma siririya aka kai ni ɗakin miji ina 'yar shekara 19. Gwaggona har faɗa take yi wai za a ce ba a ba mu abinci a gidanmu. A wancan lokacin ƙawayena da dama sun sha maganin nan da ake kira sha ka fashe, wanda daga baya na ji ma'aikatan lafiya suna cewa yawanci deksametazon ne, mai kumbura fuska ya kuma tayar da suga da hawan jini. Ni Allah bai sa na sha ba. Haihuwa ce ta yi min aikin. Kowane jego da kunun kanwarsa da gasasshen namansa da farfesunsa, ga zaman ɗaki na kwana arba'in, kowanne kuma sai ya tafi ya bar min tsarabar kilo uku ko huɗu. Babu wanda ya taɓa ce min in kula. Abin da nake ji kawai shi ne, "Ma sha Allah, kin murje, lallai Alhaji yana ƙoƙari." Ni ma daɗi nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Sai da na haura arba'in da biyar jiki ya fara kawo takardar bashi. Al'adata ta rikice, zafi yana taso min cikin dare ko da hunturu ne, teɓa kuma ta fito a inda da babu ita. Likitan ya yi min bayanin da har yau nake tunawa. Ya ce, "Hajiya, tsakanin shekara 45 zuwa 55 sinadarin istirojin yana raguwa a jikin mace, sai kitsen da yake zama a ƙugu da cinya ya koma taruwa a ciki, shi ne kuma mai jawo suga da ciwon zuciya. Ga tsoka tana raguwa da shekaru, ita ce kuwa mai ƙona abinci. Tuwon da kike ci a shekara talatin ya wuce lafiya, yanzu zama zai yi." Na tambaye shi ko sai na koma yadda nake ina amarya. Ya yi dariya ya ce ko kusa, in na sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyina, wato kilo biyar zuwa tara, jinin da sugan za su ji a jikinsu. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 a kan mutane irina da suke bakin ƙofar suga: waɗanda aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari.

Abin da ya fi tsorata ni ba lissafinsa ba ne. Yayata ce, wadda suga ya riga ya taɓa mata ido da ƙafa. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Ga kuma gwiwa da ta sa na fara sallar farilla a kan kujera, abin da ko mahaifiyata ba ta yi ba sai da ta kusa saba'in.

Babbar 'yata ce ta fara kawo min tsarin abinci daga intanet. Na karanta na miƙa mata wayarta. Man zaitun, tuffa, ƙirjin kaza, wasu ƙwayoyi da ban taɓa jin sunansu ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda cefane ya koma, a ce ni kaɗai zan ɗora tukunyar Turawa a gidan da ake ciyar da mutum goma sha ɗaya? Ko kuɗin gas ɗin ma ya ishe mu. Na ce mata, "Ke dai bar ni da tukunyarmu, a cikinta zan nemi mafita."

Da mai na fara, kuma a nan aka fara rigima. Ni a iya sanina miyar da mai bai taso samanta ya yi ja ba, miyar rowa ce. Da ludayi nake zuba man gyaɗa, in ƙara manja, in an kwashe tuwo a kawo man shanu. Wata ma'aikaciyar jinya a ɓangaren masu suga ce ta ce min babban cokali ɗaya na mai, kowane iri ne, yana da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) kusan 120, kuma kitse ya ninka tuwo ƙarfi fiye da sau biyu in aka auna su nauyi ɗaya. Na dawo na koma aunawa da cokali. A daren farko Alhaji ya buɗe kwano ya daɗe yana kallon miyar kuka, sannan ya ce, "Yau kuma wa ya ɓata miki rai?" Na ce babu kowa, likita ne. Ya ce, "To likitan ke ya duba ko ni?" Shi ne fa mutumin da in an zauna hira yake karanto mana hadisin kasa ciki uku, ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, alhali rabonsa da ganin yatsun ƙafarsa a tsaye tun kafin a yaye auta. Ƙarshenta muka yi sulhu: miya ta fito da mai kaɗan, kwalbar man shanu tana gefe, mai so ya zuba wa kansa.

Tuwo ban bar shi ba, kuma duk wadda ta ce muku Bahaushiya za ta bar tuwo har abada, ku saurare ta kawai. Malmala biyu nake ci da dare, na koma ɗaya, sauran gurbin in cike da ganye. Allah ya rufa mana asiri da zogale da rama da alayyafo da kabeji da yalo, ga wake da yake riƙe ciki har la'asar. Kwaɗon zogale ya zama abincina na rana, sai dai na rage ƙuli da mai, don shi ma in aka sake masa hannu ya fi shinkafa nauyi. Acha tana da daɗi, amma tsadarta ba ta kullum ba ce. Dunƙule ma na rage, saboda an ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda yake ɓoye a cikin kayan ɗanɗano.

Abin sha ne ya ba ni mamaki. Ban taɓa lissafa shi a abinci ba. Shayi da madara da suga cokali uku da safe, kunun zaƙi ko zoɓo da rana, lemon kwalba in an yi baƙi, a gidanmu kuwa baƙi ba sa yankewa. Ashe ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana iya ɗaukar suga wajen ƙaramin cokali tara, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma cewa ta yi na yini guda gaba ɗaya kada ya wuce kamar cokali goma sha biyu, in ma an tsaya a shida ya fi. Zoɓo ban rabu da shi ba, na dai koma yinsa da citta da kanumfari da ɓawon abarba, babu suga. Makon farko ina sha ina yatsina fuska, daga baya harshe ya saba.

Akwai kuma wani ci da ba mu ɗauke shi ci ba, mu iyaye mata. Ɗanɗanon miya sau biyar kafin a sauke. Ƙanzon tukunya. Ragowar taliyar auta da ake cewa kada a yi almubazzaranci. Ƙosai biyu a tsaye ana soya na 'yan makaranta. In aka tara su sun kai faranti guda, amma in aka tambaye ni sai in rantse tun safe ban ci komai ba. Yanzu ragowa mai kyau ana juye ta a kwano mai murfi, almajirin gidanmu ya ɗauka da ɗuminta.

Batun motsa jiki kuwa, fita titi da sassafe ba ta taso ba, Alhaji ba zai lamunta ba, ni ma kunya ba za ta bar ni ba. Tsakar gida ce filina. 'Yata ta kunna min wani bidiyo na wata baturiya tana tsalle tana murmushi, na gwada tsallen igiya, gwiwata ta yi ƙara har sai da na zauna a bakin rijiya. Da na koma asibiti aka ce masu nauyi irina ba da tsalle ake farawa ba, tafiya ce da sauri, irin wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Aka ƙara min da cewa kowane kilo ɗaya da na sauke, gwiwa tana samun sauƙin kusan kilo huɗu a duk taku.

Sai na mayar da ita bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi kuma kafin yara su tashi su mayar da ni abin kallo. Daga ƙofar kicin zuwa bakin zaure, in juyo ta gindin darbejiya, ina azkar ɗina ina zagaye. Da minti goma na fara ina haki, a hankali na kai rabin awa. Sau biyu a mako kuma in yi na ƙarfafa tsoka: in zauna a kujera in miƙe ba tare da dafa komai ba, in tura bango da hannuwa, in ɗaga gorunan ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi. Na kuma dawo da turmi da muka yi wa ritaya tun da injin markaɗe ya zo layinmu. Dakan yaji da na daddawa yanzu ni nake yi. Kakanninmu da suka yi surfe da niƙa da jan ruwa ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, aikin gida ne ya riƙe musu jiki, mu kuma muka samu 'yan aiki da inji muka kira shi hutu.

Ba kullum nake cin nasara ba. Tsakanin Magariba da kwanciya nan ne yunwa take zuwa da rundunarta, musamman ranar da Alhaji ya shigo da ledar tsire ko balangu ƙamshi ya cika falo. Lokacin bukukuwa kuma ya fi komai wuya. A kawo miki waina da sinasir da alkaki da dubulan, uwar biki tana tsaye a kanki, in kin ce kin ƙoshi ta ce raina mata kika yi. Na koyi ɗaukar waina biyu in ce a ƙulle min sauran a leda saboda yara.

A cikin 'yan adashinmu akwai mai sayar da shayin rage ƙiba, ta yi ta bina wai kilo goma a wata guda. Na kai wa ma'aikaciyar jinyar nan kwalin ta duba. Ta ce yawancin irinsu ganyen filasko ne da abin sa fitsari, gudawa za su sa ni in zubar da ruwa, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo, mai hawan jini kuma tana iya jawo wa ƙodarta abin da ya fi ƙiba. Ta ce ko lambar NAFDAC babu a jikinsa. Na mayar mata da kayanta, har yau gaisuwarmu sama sama ce.

Bayan wasu watanni sikeli ya nuna 89. Daga nan ya kafe, mako ya bi mako ko gezau. Na yi kuka a banɗaki, wallahi, don ga wahala ina sha ga allurar sikeli ta ƙi motsi. Tef ɗin tela ne ya dawo min da hankali. Da farko cikina ya auna santimita 108, an ce na mace in ya wuce 88 haɗari ya yi yawa, yanzu ya dawo 101. Zannuwana sun fara zagayowa da saura. Sugan safe ya sauka zuwa 103, jinin ma ya lafa, ko da yake ba a ɗauke min ƙwayar hawan jinin da nake sha ba. Likita ya ce jiki in ya ragu yana rage abin da yake ƙonawa, tsayawar ba baƙon abu ba ce.

Ni ina murnar santimita bakwai, ashe a waje wani lissafin ake yi. A gidan suna wata ta riƙe hannuna ta ce, "Maman yara, lafiya kuwa? Duk kin zube, wuyanki ya fito." Wata ta ja ni gefe tana tambaya ko Alhaji aure zai ƙara. Kafin mako ya zagayo magana ta isa kunnen Hajiya, mahaifiyarsa, kuma ta isa da ƙari: wai na daina cin abincin gidan, ina zagaye tsakar gida da duku duku ina magana ni kaɗai.

Ranar wata Juma'a da yamma sai ga ƙanin Alhaji da kula biyu, ɗaya farfesun kan rago, ɗaya tuwon shinkafa da miyar taushe mai ya kwanta a kai. Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Anti, Hajiya ta ce ki cinye yanzu in koma mata da kwanukan. Ta ce kuma gobe da hantsi ku je ke da Yaya, ta riga ta aika a kira Malam."

Yadda muka kwashe a ɗakin Hajiya, da abin da Alhaji ya faɗa a gabanta wanda ban taɓa zaton zai fito daga bakinsa ba, sai a kashi na 10 mako mai zuwa in Allah ya kai mu.