Farar wayar da ke bayan kan tirela

Ina shekara ta biyu a gareji aka kawo mana wata tirela da za ta yi lodin hatsi a Dawanau ta nufi kudu. Direban ya ce fitilun bayan bodi sun rikice masa: in ya taka birki sai sigina ta ɗan kama, in ya ba da sigina ta dama sai fitilun fakin su riƙa ƙyaftawa tare da ita. Wani lokaci kuma, in ji shi, komai lafiya lau. Maigidana ya tafi Ƙofar Ruwa sayen kaya, aikin ya faɗo hannuna.

Na canza ƙwayayen fitila. Na duba fis. Na warware salatif, na yanke waya wuri uku ina neman inda suka haɗu. Har la'asar ban gano komai ba. Da maigida ya dawo, sai ya ɗauko doguwar waya, ya maƙala kai ɗaya a nagetif ɗin batir, ɗayan ya danna a jikin ƙarfen fitilar baya, ya ce wa yaron mota ya taka birki. Fitilu suka kama ja wur, kowacce a mazauninta. Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, tun safe kana bin hanyar da wuta ke tafiya. Ta ina take dawowa?”

Wannan tambayar ita ta koya mini sana'ar. Wutar da ta bar batir dole ta koma masa, kuma a mota jikin ƙarfen shasi ne hanyar komawarta. Ƙwan baya mai zare biyu, ɗaya na birki mai wat 21, ɗaya na fakin mai wat 5, gindi ɗaya suke tarayya a kai. In tsatsa ta ci gindin, ko wayar nagetif ta tsinke, wutar birki ba ta tsayawa. Sai ta bi ta zaren fakin da baya-baya, ta ratsa sauran fitilu tana neman mafita. Shi ya sa suke kamawa dishi-dishi, ba a kira su ba.

A waccan motar farar waya ce ta tsinke a cikin bakin murɗaɗɗiyar wayar da ke haɗa kai da bodi. Bodin ya koma samun nagetif ta faifan ƙarfen da yake hawa a bayan kan mota, wurin da kullum ke shafe da giris. In ƙarfe ya taɓa ƙarfe, fitila ta kama. In an faɗa rami, ta ɗauke. Ashe direban gaskiya ya faɗa tun farko, ni ne ban saurari “wani lokaci” ɗin nan nasa da kyau ba, alhali rabin amsar na cikinta.

Tun daga ranar ba na taɓa almakashi sai na raba laifin gida biyu. Ina zare murɗaɗɗiyar wayar, in tsaya a soket ɗin kan mota mai baki bakwai. A tsarin Turai na ɗaya nagetif ne, fari. Na biyu da na shida fakin hagu da dama. Na uku siginar hagu, rawaya. Na huɗu birki, ja. Na biyar siginar dama, kore. In kowane baki ya ba da wuta a lokacinsa, kan mota ya fita daga zargi, saura waya da bodi. Minti biyar ke nan, a maimakon yini guda. Launin waya kuwa ba na rantsuwa da shi a tsohon bodi, domin ya bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa da irin wayar da ya samu a ranar.

Mita, na'urar auna wuta, ma ta taɓa yaudarata. Ta nuna mini bolt 24 cif a bakin soket, amma fitila ta ƙi kamawa. Zare ɗaya tak ya rage a cikin wayar, sauran sun zama kore sun rududduge. Mita ba ta jan wuta, don haka zare ɗaya ya ishe ta. Yanzu testa mai ƙwan wat 21 nake fara sawa, domin shi yana ɗora wa wayar nauyin da za ta ɗauka a kan hanya.

Akwai kuma tarkon da ya shafi motocin da ke yawo a ƙasar nan. Kan Mack na Amurka bolt 12 yake bayarwa, DAF da MAN na Turai 24, ga shi bakin soket ɗinsu ya yi kama da juna. A haɗa bodi mai ƙwayayen 24 da kan Mack, fitilu su yi kamar aci-balbal. A juya lamarin, ƙwayaye su ƙone gaba ɗaya. Don haka kafin komai nakan tambayi direba ko an sauya masa bodi kwanan nan.

Inda muke yawan saɓawa da direbobi shi ne fis. In ya ƙone sau biyu, sai a ce, “Oga, ɗaura mana waya kawai mu kai Legas.” Ba na yi. Fis ɗin da ke ƙonewa yana faɗa maka cewa wata waya ta goge tana taɓa shasi, galibi inda mai walda ya wuce ko inda ta bi kan kaifin ƙarfe. In ka ɗaure shi da waya, wayar motar ce za ta ƙone a madadinsa, wataƙila a ƙarƙashin tankar mai. Na san lodi na jira, na san mai kaya na ta buga waya. Amma na sha bin hanyar Zariya da dare a ƙaramar mota, na ga yadda bodin da ba fitila yake ɓullowa a gaban mutum kamar katanga. Shi ya sa ko an gama gyara, sai na zagaya baya da ƙafata, na sa an taka birki, an ba da hagu, an ba da dama, na girgiza wayar da hannu ina kallon fitilun, sannan in miƙa wa direba makullinsa.